Dutsen Agadas ya tafi, ilminsa ma ya tafi

A watan Nuwamba na 2023 aka tsinci wani dutse mai nauyin kusan kilo 25 cikin hamadar jihar Agadas, wanda ya faɗo daga duniyar Mars. Ran 16 ga Yuli 2025 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa a New York kan dalar Amurka miliyan 5 da dubu 300. Sai da aka buga ƙararrawar ciniki hukumomin Yamai suka buɗe bincike, kuma suka dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Ihu bayan hari ke nan!

Kowa na kukan kuɗi, alhali babbar asarar ta ilmi ce. Duwatsun sama suna cikin shaidun da masana ke bi don gane yadda rai ya soma daga sinadarai marasa rai. A 1953 Stanley Miller na jami'ar Chicago ya bayyana gwajinsa: ya haɗa ruwa da iskokin metan, amoniya da haidurojin cikin kwalba, ya riƙa ratsa su da tartsatsin lantarki kamar walƙiya. Cikin mako guda sai ga amino asid, tubalan da ake gina furotin na jikin kowane mai rai da su. Dutsen da ya faɗo a Murchison ta Ostireliya a 1969 an same shi ɗauke da irin waɗannan tubala. Ƙurar da aka ɗebo daga dutsen Bennu a sararin samaniya, aka iso da ita a 2023, ta ƙunshi 14 daga cikin 20 ɗin da jiki ke aiki da su.

Dutsen Agadas bai nuna akwai rai a Mars ba, amma yana ɗauke da tarihin wata duniya wadda ruwa ya taɓa gudana a kanta. A ƙasashen waje aka auna shi, can aka raɗa masa suna. Ina rabon ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni? Ina guntun da za a ajiye a gidan tarihi na Boubou Hama?

Hani kaɗai ba magani ba ne, fasa-ƙwauri zai ƙara wa kasuwa. Abin da ya kamata shi ne doka bayyananniya: a yi wa kowane dutse rajista, a biya wanda ya tsinta haƙƙinsa, a yanki kaso a bai wa jami'a, a kuma saya mata na'urorin awo. Ƙasar da ba ta iya karanta duwatsunta, dillalai ne za su ci gaba da yanka mata farashi.