Damuwar Dare Ba Ta Biyan Kuɗin Makaranta

'Yar'uwa, ƙarfe nawa kika yi barci jiya?

Wata uwa ce ta sa na yi miki wannan tambaya. Ina aikin dare aka kwantar da ɗanta saboda zazzaɓin cizon sauro. Cikin ikon Allah jikin ya yi sauƙi, yana ta barcinsa. Ita kuwa ƙarfe biyu na dare tana zaune a bakin gado, tana lissafi a bayan takardar magani: kuɗin makaranta, kuɗin haya, bashin mai shago. Ta ce kanta na sarawa. Da na auna jininta, sai ga 160/100. Yaro yana warkewa, uwa tana neman kwanciya.

Ban yi mata faɗa ba, don ni ma na sha yin irin wannan zaman. Amma ki san abin da damuwa ke yi wa jiki. Idan hankali ya tashi, zuciya kan ƙara bugu, hanyoyin jini su tsuke, barci ya ƙaurace. Na kwana ɗaya ba komai ba ne, amma idan ya zama na kullum, jiki yana ji. Awo ɗaya bai isa a ce mutum na da hawan jini ba, sai dai duk wadda awonta ke yawan kai 140/90 ko fiye, ta ga likita.

Gari ya waye, ko naira ɗaya ba ta ragu daga bashin nan ba.

Ki tuna Manzo Bulus. Yana tsare ya rubuta wa ikilisiyar Filibi wasiƙa, kuma a sura ta 4 ya nuna cewa wadar zuci koyonta ya yi. Ya ɗanɗana yunwa, ya ɗanɗana ƙoshi. Wannan yana ƙarfafa ni, domin abin da ake koyo, ni da ke ma za mu iya koyonsa. Haka Isra'ilawa a jeji: mannar yini ɗaya aka ce su tara, waɗanda suka ɓoye ta gobe kuwa suka tarar ta yi tsutsa tana wari. Allah yana koya musu su dogara gare shi kowace safiya ne.

Kada ki ɗauka wadar zuci zaman kashe wando ne. Tsuntsayen da Yesu ya ba da misali da su a Matiyu 6 ba su da rumbu, amma da asuba suke fita kiwo. Ki yi sana'arki, ki zuba adashenki, ki je ki roƙi shugaban makaranta ya bari ki biya kaɗan-kaɗan. Abin da ya fi ƙarfinki ki miƙa wa Ubangiji, kada ki koma ki ɗauko shi da tsakar dare.

Ga abin da ke taimakona. Kafin in kwanta, nakan faɗa wa Allah damuwata ɗaya bayan ɗaya, sannan in ambaci abu uku da ya yi mini a ranar. Nakan kuma ajiye waya, domin kallon sabon ankon wata da falonta a Facebook yana sa in raina tuwon gidana. Idan nauyin ya yi yawa, nakan nemi wata amintacciya a zumuntar mata mu yi addu'a tare.

Abu na ƙarshe: idan rashin barci, yawan kuka ko rashin sha'awar abinci ya wuce mako biyu, ki zo asibiti. Ba rashin bangaskiya ba ne. Idan kuma an ɗora ki a kan maganin hawan jini, ki ci gaba da sha, kina addu'arki.

Yaranki suna buƙatarki da lafiya. Ki kwanta yau, 'yar'uwa. Mai tsaronki ba ya gyangyaɗi.