Kafin Mu Kai Matsirga

Da hutu ya zo, autata ta nace sai na kai ta Matsirga, can Kafanchan, ta ga ruwa yana kwararowa daga kan dutse. Na tuna dajin Falgore da halin hanya, na ja bakina.

Ranar Asabar da hantsi muka hau Dala, muna tafe muna hutawa a matakala. Daga sama na nuna mata Gwauron Dutse, na ba ta labarin Barbushe. Badala kuwa sai guntaye tsakanin shaguna. Kududdufan da muka sani muna yara, an cike yawancinsu an kafa gini.

Ta ce, "Baba, to ruwan damina ina zai bi?"

Masu raba filaye a Kano, ku ba ta amsa kafin Agusta.