Ɓera Ba Ya Biyan Haya

Ranar karɓar kuɗin haya mai gida ba ya makara. Amma kira shi kan ɓeraye da kuɗin cizo, sai a ce Alhaji ya yi tafiya. Haba! Mun gaji da fesa fiya-fiya inda yara ke kwana, alhali ramukan bango na nan.

Mu a Mubi ɓera ba abin wasa ba ne. Zazzaɓin da fitsarinsa ke yaɗawa, a garin Lassa aka gano shi a 1969, nan maƙwabtanmu a Borno.

Mu kai magana gaban mai unguwa, a ba mai gida mako biyu. In shiru, mu sayi siminti mu toshe, mu ajiye rasit, mu cire daga kuɗin haya.