Tsakanin Mantuwa da Gigin Tsufa

Ga wata tambaya da ta shafi duk gida mai dattijo. Idan tsoho ya soma maimaita tambaya ɗaya sau uku a zama guda, alhali kuwa yana iya cinikinsa da alwalarsa, shin mafarin gigin tsufa ke nan?

Likitoci suna kiran wannan hali ɗan raunin tunani. Ronald Petersen na Asibitin Mayo da ke Amurka da abokan aikinsa suka tsara sharuɗɗansa a 1999. Cikin mutum 100 masu wannan rauni da ke zuwa asibiti, kimanin 10 zuwa 15 ne ke faɗawa gigin tsufa kowace shekara. Wasu kan tsaya inda suke, wasu ma kan warware, musamman in matsananciyar damuwa ko ƙarancin bitamin B12 ne sanadi.

To, ta ƙaƙa za a hango wanda zai faɗa? Akan jarraba mutum da tambayoyi, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa na MRI, a kuma auna sinadaran amiloyid da tau. A 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jini na farko mai taimakawa wajen gano cutar Alzheimer.

A ganina, bai kamata mu karɓi waɗannan ma'aunai ido rufe ba. Binciken da aka soma a 1992 tsakanin Ibadan da Indiyanafolis ya nuna cewa ƙwayar gado ta APOE e4, wadda ke ƙara haɗari ƙwarai ga Turawa, tasirinta bai kai haka ba ga Yarabawa. Haka kuma, tsohon da bai taɓa riƙe fensir ba, in an ce ya zana agogo ya kasa, laifin jarrabawar ne. Wajibi ne ɗalibanmu na likitanci su tsara ma'auni da harshen Hausa.

Duk da haka, hasashen yana da amfani. Kwamitin mujallar Lancet ya bayyana a 2024 cewa abubuwa 14 da ake iya magancewa, irin su hawan jini, ciwon sukari, kurumta da shan taba, suna da hannu cikin kusan kashi 45 bisa 100 na gigin tsufa. Wanda ya sani da wuri kuwa zai rubuta wasiyyarsa, ya faɗi basussukansa da iyakar gonakinsa da bakinsa.

Saboda haka, in kun koma gida hutu kun tarar da Baba ya soma mantuwa, ku kai shi ga likita tun kafin unguwa ta kira shi mahaukaci ko maye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.