A Daina Ɗora Wa Netwok Laifin Ɓatan Littafi

Maƙalar wannan mako za ta ɓata wa wasu rai, sai a yi haƙuri.

Da wuya wata ya wuce ba a ga sanarwa iri ɗaya a zaurukanmu ba: "Masoya ku yi haƙuri, wayata ta lalace, littafin ya tafi." Ko kuma: "Na yi ta ƙoƙarin ɗora shi netwok ya hana." Sai a bi da jaje, a tsine wa kamfanonin waya, a wuce. Ni kuwa na ce mafi yawan littattafan nan sakacin masu su ne ya cinye su, kuma jajen da muke yi shi ke ƙara wa sakacin gindin zama.

Daga Falgore ta ƙaramar hukumar Rogo nake rubutu, ba Falgore ta daji ba, don haka babu mai ba ni labarin raunin sabis. Na san yadda ake neman tudu a ɗaga waya sama, na san kuɗin caji, na kuma san cewa a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Duk gaskiya ne. Sai dai littafi mai kalma dubu ɗari, in zallar rubutu ne, bai kai megabayit ɗaya ba. Bidiyo guda da kuka kalla a sitetos ya ninka shi. Wanda ya iya kallon sitetos ya iya ajiye littafinsa.

Inda ake da wahala ta gaske shi ne manyan fayiloli, kamar littafin da aka karanta a murya don YouTube. Sa'a ɗaya ta sauti mai matsakaicin inganci takan kai megabayit 57. A nan ma rashin sanin yadda abin ke aiki ya fi netwok yi mana ɓarna.

Rumbunan intanet irin su Google Drive da Dropbox suna karɓar babban fayil gunduwa-gunduwa, kamar mai kwasar hatsi daga gona buhu-buhu. Da farko manhaja takan shaida wa uwar garke cewa ga kaya nan tafe, girmansa kaza. Uwar garke ta ba ta wani adireshi na musamman, tamkar takardar shaidar ajiya. Kowace gunduwa ta isa, a rubuta. In sabis ya yanke, manhaja ta koma da takardar ta tambayi inda aka tsaya, ta ɗora daga nan. An tsara wannan ne domin irinmu masu sabis mai zuwa yana ɗaukewa.

To me muke yi? Da mun ga layin ya tsaya a kashi 70 sai mu soke, mu sake daga farko. Sokewar nan yaga takardar shaida ce: buhunan da suka isa sun tashi a banza, datar ma haka. Wani yana tsakiyar ɗorawa zai buɗe fayil ɗin ya yi gyara, girmansa ya canza, lissafi ya rikice. Wani ya bar aikin rabi har kwana goma, alhali a Google Drive takardar mako guda take yi ta mutu. Wani ya kunna tsimin batir, waya ta kashe manhajar da zarar allo ya yi duhu. Wata kuma manhajarta na saite a kan kada ta tura komai sai da Wi-Fi, tana ta jiran abin da babu shi a garinsu. Sannan ga cikar rumbu: gigabayit 15 da Google ke bayarwa kyauta na haɗaka ne tsakanin Gmail da Drive da hotuna, kuma tun farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta masu Android ma a ciki take ci. Rumbun da ya cika da bidiyon biki, ina zai sa littafi? A cikin waɗannan shida wanne ne laifin netwok?

Akwai masu cewa ai sun tura wa guruf, ko sun sa a manhajar sayar da littattafai, don haka yana nan. Guruf kasuwa ce, ba a ajiya a kasuwa. Saƙon WhatsApp a wayoyin mutane yake zaune, ranar da suka goge sai ka koma roƙon makaranta su taimaka maka da shafi na 34. Manhaja kuwa ta wani ce. OkadaBooks, wadda aka kafa a 2013 kuma marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafai a cikinta, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina, maƙwabtanmu, tsawon makonni. Google ma ya fara aiki da ƙa'idar goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba tun Disamban 2023. Kwafi ɗaya, ko a ina yake, a bakin rijiya yake.

Sai 'yan uwana da muka yi kimiyyar kwamfuta a foliteknik, masu gina manhajojin littattafan Hausa. Ku ma da naku kason. Manhajar da ke tura fayil dunƙule ɗaya, in ya yanke a sake daga farko, an gina ta ne don mai zaune a ofis a Kano, an manta da marubuciyar Zarewa da Fulatan. Ƙa'idar a rubuce take. A Google Drive kowace gunduwa sai girmanta ya zama ninkin kilobayit 256, ban da ta ƙarshe. Amsar 308 na nufin an karɓa, a ci gaba, kuma tana faɗin iya abin da ya isa, don haka da ita za a yi lissafi. Amsar 404 na nufin takarda ta mutu, a nemi sabuwa. Amsar 500 ko 503 na nufin a dakata kaɗan a sake gwadawa. Dropbox kuma ya ce duk fayil da ya haura megabayit 150 a turo shi kashi-kashi. Ku ƙanƙanta gunduwa inda sabis ke da rauni, ku adana adireshin a waya don ya tsira ko caji ya ƙare.

Ga abin da nake nema daga kowa kafin maƙalar mako mai zuwa. Littafinku ya kasance a wuri uku: waya, rumbun intanet, da memori ko imel na daban. Ku raba littafin murya babi-babi. Ku ɗora da asuba lokacin da sabis ya fi sauƙi, ku bar allo a kunne, in ya tsaya ku jira. In ya gama, ku ari wayar wani ku sauke ku buɗe, domin fayil ɗin da ba a gwada buɗewa ba, ba a tabbatar ya ajiyu ba. Shugabannin ƙungiyoyi kuma, yadda kuke tambayar sabon mamba sunan littafinsa, ku riƙa tambayarsa inda ya ajiye shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai ja da maganata, fili na nan a ƙasa.