Wanda Ya Nuna Muku Ɓaraka Ba Shi Ne Ɓarawo Ba

A watan Oktoban 2021, Josh Renaud, ɗan jarida a St. Louis Post-Dispatch, ya shiga shafin intanet na ma'aikatar ilimi ta jihar Missouri a Amurka, inda ake duba takardun shaidar malamai. Bai fasa komai ba, bai saci kalmar sirrin kowa ba. Rubutun da ke bayan shafin kawai ya leƙa, abin da duk mai kwamfuta zai iya gani idan ya danna F12. Sai ga lambobin Social Security na malamai a ciki, lambar da a can da ita ake buɗe asusun banki a ci bashi da sunanka. Mutum fiye da 100,000 abin ya shafa. Jaridar ta sanar da ma'aikatar, ta kuma riƙe labarin har aka rufe ɓarakar.

Tukuicinsa? Gwamnan jihar na lokacin, Mike Parson, ya tara manema labarai, ya kira shi ɗan kutse, ya sa 'yan sandan jihar su bincike shi. Sai a Fabrairun 2022 mai gabatar da ƙara na gundumar Cole ya ce ba zai tuhume shi ba. Binciken ma ya nuna tun 2011 ɓarakar take nan.

Wannan borin kunya ne, kuma ba Parson kaɗai ke yin sa ba. Ku masu shafuka, na kamfani da na gwamnati, wannan halin naku ne. Maƙwabci ya ƙwanƙwasa ya ce kun kwana ƙofa a buɗe, maimakon godiya kuka hau tambayarsa me ya kai idonsa ƙofar. Kun kashe kuɗi a kan tambari da hoton shugaba, amma babu adireshi ko ɗaya da mai rahoton matsalar tsaro zai aika wa. Wanda kuka saka na tambayoyin kowa da kowa ne, akwatin da sai a yi wata ba a buɗe ba. Idan an buɗe ma, lauya ake fara kira kafin injiniya.

Alhali gyaran ba ya cin ko sisi. Tun Afrilun 2022 aka fitar da ƙa'idar RFC 9116: ɗan fayil mai suna security.txt, a ajiye shi a /.well-known/, a rubuta wanda za a tuntuɓa da ranar da bayanin zai daina aiki. Sai a ƙara alkawari a rubuce cewa wanda ya kawo rahoto da zuciya ɗaya ba za a kai shi kotu ba. Ba tare da wannan alkawari ba, matashin da ya ga ɓaraka a Najeriya, inda dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba, shiru zai yi. Ɗan damfara kuwa dama ba zai aiko muku wasiƙa ba.

Ku ma masu ganowa ban sallame ku ba. Maɓallin da ya ƙi dannuwa ana iya faɗarsa a bainar jama'a. Ɓarakar da ke zubar da bayanan mutane, a asirce ake kai ta. Ɗaukar hoton bayanan bayin Allah a watsa a Facebook don a ce kai gwani ne, tonon silili ne. “Shafinku ba ya aiki” kuma ba rahoto ba ne. Faɗi adireshin shafin, da matakan da ka bi ɗaya bayan ɗaya, da abin da ya fito, da irin burauzar da ka yi amfani da ita. Da zarar ka tabbatar, tsaya nan, kar ka kwashi bayanan kowa. Sannan ka ba su wa'adi: Project Zero na Google kwana 90 yake bayarwa kafin ya fallasa, cibiyar CERT/CC kuwa kwana 45.