Kakar da aka zura musu maki 617

Yau za mu leƙa jihar Texas ta Amurka, mu ga abin da ya faru da ƙungiyar ƙwallon wata jami'a mai suna Prairie View A&M a shekarar 1991.

Da farko ku sani, wannan ƙwallon ba irin tamu ba ce ta Kano Pillars. Ƙwallon Amurka ce, mai siffar ƙwai, wadda ake runguma a ruga da ita, 'yan wasa sanye da hular kwano da sulke a kafaɗa. Duk wanda ya kai ta ƙarshen filin abokan hamayya ya samu maki 6. A can jami'o'i ne ke renon 'yan wasa, kuma babbar hanyar jawo yaro mai hazaƙa ita ce a ɗauke masa kuɗin makaranta.

Prairie View tsohuwar makaranta ce ta baƙar fata, an kafa ta a 1876. A zamanin koci Billy Nicks ta zama zakaran jami'o'in baƙar fata na ƙasar har sau biyar tsakanin 1953 da 1964. Amma a 1991 wasa 11 ta buga, duka aka doke ta. Maki 48 ta ci a kakar gaba ɗaya, aka zura mata 617. Ku ɗauki biro ku raba da 11: kusan maki 56 ake cin su a kowane wasa, su kuma ba sa kai 5. Jami'ar Alabama State ma 92 da nema ta yi musu.

Ruwa ba ya tsami banza. A 1990 an dakatar da ƙungiyar baki ɗaya bayan an gano almundahana a kuɗin sashen wasanni. Da aka dawo da ita a 1991, babu kuɗin ɗaukar nauyin karatun ɗan wasa ko ɗaya. Ƙwararrun yara suka nufi makarantun da za su biya musu, aka bar Prairie View da ɗaliban da suka fito don sha'awa kawai. Waɗannan ne aka tura su kara da ƙartin da aka tsamo daga makarantun sakandare daban-daban. Wato laifin manya ne a ofis, yara suka riƙa biyansa a fili duk Asabar.

Abin bai tsaya a kaka ɗaya ba. Daga 1989 zuwa 1998 wasa 80 a jere suka faɗi, wanda shi ne mafi tsawo a tarihin ƙwallon jami'o'in Amurka. Akwai ɗaliban da suka shiga makarantar, suka buga shekara huɗu, suka kammala ba su taɓa ɗanɗana nasara ba. Ku tsaya ku yi tunanin wannan: atisaye cikin zafin rana, doguwar tafiya a mota, dariyar 'yan kallo, sannan ranar Litinin a koma aji. Da sun watse, da babu ƙungiyar da za a gyara daga baya.

Ranar 26 ga Satumba, 1998, suka doke jami'ar Langston da ci 14 da 12. Sannu a hankali aka dawo da tallafin karatu, aka gyara tsari, har a 2009 ƙarƙashin koci Henry Frazier suka ɗauki kofin rukuninsu, karo na farko tun 1964.

Me ya sa na kawo muku wannan labari? Idan ƙungiyar makarantarku ta sha kashi, ko sakamakon jarrabawa ya fito da ja, abu biyu mutane suka saba yi: ko a ce "ba mu iya ba" a ajiye, ko a ce "a ƙara ƙoƙari" a maimaita abin da aka yi jiya. Yaran Prairie View ba ƙoƙari suka rasa ba. Shekara tara suna ƙoƙari. Juriyarsu ta hana ƙungiyar mutuwa, amma nasara ba ta zauna ba sai da aka gyara tushen matsalar. Don haka kafin ka zargi kanka, tambayi abin da ya ɓace: lokacin karatu ne, littafi ne, ko wani darasi na baya da ba ka fahimta ba ka ji kunyar tambaya? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikinku na wannan mako: ku rubuto mana wasa ɗaya da makarantarku ta faɗi, da ainihin dalilin da kuke gani, ban da ɗora wa alƙalin wasa. Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.